Shin Zan Iya Canja Batirin Laftof Ɗina Da Kaina?

Mai Neman Sani

Assalamu alaikum wa rahmatullah, 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san kan kwamfuta game da batirin laftof ɗina, wanda ya yi sanyi har ta kai ba ya iya riƙe caji na rabin sa'a, wani lokaci ma yana nuna saura kashi 40 cikin ɗari sai na'urar ta ɗauke farat ɗaya ba tare da wani gargaɗi ba. Kwamfutar ta kwana biyu a hannuna, garantinta ya daɗe da ƙarewa, amma in aka ɗauke wannan matsala lafiyarta ƙalau, don haka ba ni da niyyar rabuwa da ita. Batirin nata a ciki yake, sai an kwance murfin ƙasa kafin a kai gare shi, saɓanin irin na da wanda ake tura ɗan makulli a zaro shi ta baya. A 'yan kwanakin nan kuma na lura cewa faifan da ake shafawa da yatsa a madadin linzami ya ɗan ɗago ta gefe guda, danna shi ma ya yi tauri, ban sani ba ko hakan yana da alaƙa da batirin.

Abin da nake son sani shi ne, ko wannan aiki ne da mutumin da bai taɓa buɗe kwamfuta ba zai iya yi da kansa idan ya natsu, da kuma yadda zan gane batirin da ya dace da ita, domin na ga batura da dama masu kama da juna waɗanda lambobinsu suka bambanta da harafi ɗaya ko biyu. Haka kuma wani abokin aikina ya ba ni shawarar cewa ba sai na sayi sabo ba, a fasa tsohon a canja ƙwayoyin da ke cikinsa kawai. Ina so in ji ra'ayin masana a kan wannan ma. Allah Ya saka da alheri.

Injiniya Mai Gyara

Wa alaikumus salam, Malam. Kafin mu zo kan tambayoyinka, ina roƙonka ka zare cajar nan daga jikin kwamfutar, kada ka sake sa ta sai an ga halin da cikin yake. A mafi yawan siraran laftof batirin yana kwance ne daidai ƙarƙashin faifan nan da ka ambata, saboda haka idan ya kumbura, faifan ne abu na farko da yake turowa sama. Ƙwayoyin irin wannan batir na litiyam suna cikin wata jaka ce mai laushi ta leda da alminiyam, kuma idan ruwan sinadarin da ke ciki ya fara lalacewa saboda tsufa, ko zafi, ko daɗewa a cike maƙil da caji, yana fitar da iskar gas wadda ba ta da mafita, sai jakar ta tashi kamar matashin kai. Batirin da ya kumbura ba ya komawa yadda yake, kuma ci gaba da yi masa caji ƙara masa kumburin yake yi, har ya kai ga fasa faifan ko lanƙwasa murfin. Kada ka danna wurin da ƙarfi don ya koma, kada kuma tunanin huda jakar don iskar ta fita ya zo maka, domin hudawa ita ce hanya mafi sauri ta tayar da wuta.

Game da ko za ka iya, amsata ita ce za ka iya, muddin da notuna aka ɗaure batirin. Abu na farko shi ne ka nemi littafin gyaran samfurin kwamfutarka. Kamfanoni irin su Dell da HP da Lenovo suna wallafa irin waɗannan littattafai kyauta a shafukansu, da zanen kowane noti da jerin abin da ake cirewa kafin wani, kuma shafin iFixit yana da jagorori masu hotuna na samfura masu yawa. Ka karanta sashen batirin daga farko har ƙarshe kafin ka taɓa sukundireba. Kayan aikin ba su da yawa: ƙaramar sukundireba mai bakin kuros ta lamba 0 ko 00, wani lokaci da mai bakin tauraro da ake kira Torx T5, sai ɗan abin ɓamɓara na roba, ko tsohon katin roba mai ƙwari. Ƙarfe bai kamata ya kusanci batirin ko babban allon lantarki na cikin kwamfutar, wato motherboard, ba, in ban da bakin sukundireba a kan noti.

Ka bar cajin ya sauka ƙasa da kashi 25 cikin ɗari kafin ka fara, saboda batirin da babu wuta sosai a cikinsa ko da an yi kuskuren ƙwarzanarsa haɗarinsa ya fi sauƙi. Ka kashe kwamfutar gaba ɗaya, ba sa ta barci ba. Wasu samfura, kamar ThinkPad na Lenovo, suna da zaɓi a cikin BIOS, wato shafin saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi, na katse batirin ciki kafin a buɗe murfi. Idan taka tana da shi ka yi amfani da shi. Daga nan ka kwance notunan ƙasa, kana jera su a kan takarda daidai da yadda suke a jikin na'urar, domin tsawonsu yakan bambanta, kuma dogon noti idan ya shiga ramin gajere yana iya ɓullowa ta sama ko ya taɓa abin da bai kamata ba. Ka duba ƙarƙashin robobin da kwamfutar ke tsayawa a kansu, wani lokaci akwai noti a ɓoye a wurin. Idan murfin ya ƙi tashi, kusan kullum dalilin shi ne saura noti ɗaya, don haka ka tsaya ka sake dubawa maimakon ka sa ƙarfi. Ka zura katin a tsagar gefe ka bi da shi a hankali, za ka riƙa jin ƙananan maƙalan roba suna saki ɗaya bayan ɗaya.

Da zarar murfin ya tashi, ka taɓa wani ƙarfe da ke haɗe da ƙasa don wutar da jiki ke tarawa ta fita, sannan kafin komai ka cire filogin batirin daga babban allo. A nan ne sababbin hannu suka fi yin ɓarna. Filogin ƙarami ne, wayoyinsa sirara ne, kuma soket ɗin da yake shiga an liƙa shi ne a jikin allon da ɗigon dalma ƙanana. Ka kama kan filogin da farce biyu ta gefe da gefe, ka ja shi a miƙe ta inda littafin ya nuna, ko a kwance ko zuwa sama; idan ka ja wayoyin ko ka ɗaga shi ta inda ba a ɗagawa, soket ɗin zai iya ɓallowa daga allon, a lokacin kuwa aikin ya fi ƙarfin gida. Bayan wannan sauran mai sauƙi ne: ka kwance notunan batirin, ka ɗaga shi da hannu biyu ba tare da lanƙwasa shi ba, ka ɗora sabon, ka mayar da wayar ta hanyar da tsohuwar ta bi don kada murfi ya danne ta.

Batun zaɓen batir kuwa, kada ka dogara da sunan samfurin kwamfutar kaɗai. A jikin tsohon batirin akwai lambarsa ta kamfani, da ƙarfin wutarsa mai alamar V, da yawan abin da yake ɗauka mai alamar Wh. Da wannan lamba za ka nemi sabo, kuma ka tabbatar ƙarfin wutar ya zo daidai.

Malama Mai Koyar da Lissafi

Sannu da ƙoƙari, Injiniya. Ni abin da zan ƙara ya shafi matakan da ke gaban buɗe murfi. Idan Windows ce a kan kwamfutar, ɗan'uwa, ka buɗe tagar ba da umarni, wato Command Prompt, ka rubuta powercfg /batteryreport, za ta fitar maka da rahoton batirin. A ciki ka nemi layuka biyu: Design Capacity, wato abin da aka ƙera batirin ya ɗauka, da Full Charge Capacity, wato abin da yake iya ɗauka a yau idan ya cika. Raba na biyun da na farkon zai nuna maka kashi nawa ya rage na lafiyarsa. A kwamfutocin Apple ana ganin adadin zagayen cajin a sashen bayanan na'ura, kuma kamfanin ya ce an ƙera baturan MacBook na zamani su riƙe kusan kashi 80 cikin ɗari na ƙarfinsu har zuwa zagaye 1000. A naka lamarin kumburin ya riga ya yanke hukunci, amma ga mai karanta wannan zare wanda batirinsa kawai ya ƙi karɓar caji, ya kamata ya fara gwada wata caja, domin akwai kwamfutocin da idan ba su gane cajar ba za su kunnu amma su ƙi cika batirin, sai mutum ya sayi sabo a banza.

Na biyu, ka shiga shafin kamfanin ka sa lambar na'urarka ka ga ko batirinta yana cikin waɗanda aka taɓa janyewa saboda matsalar ƙira. Wannan yana faruwa fiye da yadda ake zato. A shekarar 2006 Dell ta janye batura miliyan 4.1 masu ƙwayoyin da Sony ta ƙera saboda haɗarin kama wuta, a 2019 kuma Apple ta yi kiran a kawo wasu MacBook Pro masu inci 15 da aka sayar tsakanin 2015 da 2017 don a canja musu batir. Idan batir ya faɗa cikin irin wannan shiri, kamfanin ne yake ɗaukar nauyin canjin, ƙarewar garanti ba ta hana shi.

Na ƙarshe, ka kwafe muhimman fayilolinka zuwa wani wuri, kuma idan an kulle ma'ajiyar kwamfutar da BitLocker ka nemo mabuɗin ceton mai lambobi 48 ka ajiye a kusa. Akwai siraran laftof da ba su da ƙaramin batirin agogo na daban, don haka cire babban batir yakan mayar da saitin BIOS da kwanan wata yadda suka zo daga kamfani, wani lokaci kuma hakan yakan sa Windows ta nemi wannan mabuɗi kafin ta buɗe.

Baba Mai Rediyo

Ina da ja a kan yadda aka sauƙaƙa lamarin, ko da yake Injiniya ya gindaya sharaɗi. Sharaɗin nan shi ne dukan maganar, kuma ya kamata a tsaya a kansa. Akwai kwamfutocin da da gam aka manna baturansu a jikin gangar na'urar, kamar MacBook Pro masu fuskar Retina da suka fara fitowa a 2012, waɗanda ko murfinsu ba ya buɗuwa sai da sukundireba ta musamman mai baki biyar. Cire irin wannan batir yana buƙatar a ɗiga sifirit mai suna isopropyl a ƙarƙashin ƙwayoyin, a jira gam ya yi laushi, a riƙa zura kati a hankali, alhali ga lasifika da siraran wayoyi kewaye da wurin. Idan aka haɗa gam da kumburi, jakar da ta riga ta miƙe ce ake ƙoƙarin ɓamɓarowa, kuma kuskure ɗaya ya isa. Wanda bai taɓa buɗe kwamfuta ba, ban yarda ya fara koyo a kan wannan ba. Ya kai wa wanda ya saba. An ɗan samu sauƙi a baya-bayan nan, tunda wasu sababbin samfura suna zuwa da gam mai zare da ake ja ya fita, kuma Tarayyar Turai ta kafa doka a 2023 wadda daga 2027 za ta tilasta a ƙera yawancin na'urorin hannu ta yadda mai su zai iya canja batirin, amma wannan bai taimaki tsohuwar kwamfutar da ke hannun mutum yau ba.

Shawarar abokin aikinka kuwa, ɗana, ka ajiye ta gefe. Ta samo asali ne daga zamanin baturan da ake zarewa ta baya, waɗanda a cikinsu akwai ƙwayoyi masu siffar gwangwani da ake kira 18650, faɗinsu milimita 18, tsawonsu 65. Ko a wancan lokaci aikin na gwanaye ne, domin ana haɗa ƙwayoyin da na'urar walda ta musamman mai ɗigo, ba a narka dalma a kansu saboda zafin yana lalata su, sannan dole su zama iri ɗaya masu ƙarfi ɗaya. Bayan haka, a cikin kowane batirin laftof akwai ɗan allo mai kula da caji da zafi da daidaiton ƙwayoyin, kuma da yawa daga cikinsu idan suka ji an yanke ƙwaya sai su kulle kansu, sabuwar ƙwaya ba za ta buɗe su ba. Naka ma ba gwangwani ba ne, jaka ce mai laushi da aka yi daidai da siffar na'urar.

Sai batun jabu, wanda shi ne ya fi damuna. Araha ba ta ado, kuma a harkar batir rashin adon yana iya zama gobara. Jabun batir yakan zo da tambarin kamfani da lamba daidai, amma ƙwayoyin cikinsa tsofaffi ne ko marasa inganci, allon kariyar ma an rage masa kaya. Ka saya daga kamfanin ko dillalin da ya amince da shi, ko wani mai ƙera batura da aka sani wanda yake sa sunansa a jiki ya kuma ba da garanti a rubuce. Ka duba kwanan watan ƙira, saboda batirin litiyam yana tsufa ko a ajiye yake. Wasu kwamfutocin ma suna tantance batirin da aka sa musu, idan ba su gane shi ba su nuna gargaɗi ko su ƙi yi masa caji.

Mai Neman Sani

Na gode ƙwarai, Allah Ya ƙara ilimi. Rahoton da Malama ta ce in fitar ya nuna an ƙera batirin ya ɗauki kusan 42 Wh, yanzu kuwa bai wuce 13 ba. Na samo littafin gyaran, na buɗe murfin kamar yadda Injiniya ya bayyana, na kuma cire filogin. Alhamdu lillahi da notuna aka ɗaure shi, babu gam, Baba. Ƙwayar tsakiya ce ta tashi, har ledar da ke kanta ta yi sheƙi saboda miƙewa, sauran biyun suna kwance. A jikinsa an rubuta 11.4 V. Sai dai a wajen neman sabo na ci karo da wani da aka ce shi ma na wannan samfurin ne, mai 56 Wh, amma an rubuta masa 15.2 V, alhali Injiniya ya ce ƙarfin wutar ya zo daidai. Shin in guje shi ne? Sannan yaya zan yi da tsohon, wanda yanzu na cire na ajiye?

Injiniya Mai Gyara

Madalla, Malam, ka wuce wuri mafi wuya. Bambancin da ka gani daga yawan ƙwayoyi ne. Kowace ƙwaya ta irin wannan batir tana ba da 3.8 V, idan aka jera uku a samu 11.4, idan aka jera huɗu a samu 15.2. Akwai samfuran da kamfani ya ƙera su don su karɓi kowanne daga cikin biyun, yana sayar da wasu da ƙaramin batir, wasu da babba, kuma a irin waɗannan babu laifi a sa babban. Abin da zai raba gardama shi ne jerin kayan gyara na kamfanin: idan lambar mai 56 Wh tana cikin jerin samfurinka, ya halatta, idan maganar mai sayarwa ce kaɗai, ka tsaya a kan lambar da ka ciro. Ko da yana cikin jerin, ka auna wurin da idonka, domin a wasu kwamfutoci babban batirin yana cinye gurbin da ma'ajiyar bayanai mai inci 2.5 take zama, don haka wanda yake da irin wannan ma'ajiya ba shi da inda zai sa shi. Wajen kwatanta batura masu ƙarfin wuta daban, Wh za ka duba, lambar mAh, wani ma'aunin yawan caji da ake rubutawa a jikin batir, ita kaɗai tana iya ruɗar mutum.

Tsohon batirin kada ya shiga kwandon shara, kada kuma a ƙone shi, domin irinsa yana tayar da wuta idan aka matse shi cikin motar kwasar shara. Ka rufe bakin filoginsa da salatif don kada ƙarfe ya haɗa wayoyin, ka ajiye shi a kan siminti ko cikin bokitin ƙarfe mai yashi, a inuwa, nesa da takardu da tufafi da yara, har ka kai shi inda ake karɓar tsofaffin batura da kayan lantarki, kana gaya musu cewa kumburarre ne. Idan ka ji yana fitar da wani wari mai zaƙi-zaƙi kamar na sinadari, ko ya yi zafi da kansa, ko ya fara hayaƙi, ka nisance shi ka bar iska ta shiga wurin, saboda hayaƙin yana da guba.

Kafin ka ɗora sabon, ka duba faifan linzamin daga ciki ka ga ko ya koma mazauninsa, galibi yakan koma da zarar an ɗauke abin da ke tura shi. Bayan ka haɗa komai, ka sa caja kafin ka danna maɓallin kunnawa, domin wasu sababbin batura suna zuwa a kulle sai sun ji wutar caja suke farkawa, kuma kada ka tsorata idan kunnawar farko ta ɗan jinkirta ko agogo ya rikice.

Malama Mai Koyar da Lissafi

Idan ta kunnu, ɗan'uwa, ka bar sabon batirin ya cika har ɗari, ka ƙara masa kamar sa'o'i biyu a jikin caja, sannan ka zare ka yi aiki da kwamfutar har ta kashe kanta, ka sake cika shi ba tare da katsewa ba. Wannan zagaye yana koya wa ma'aunin da ke cikin batirin inda cikarsa da ƙarewarsa suke, don lambar da kake gani a fuskar kwamfuta ta zama gaskiya. Sau ɗaya ya isa a farko, ba abin yi kullum ba ne, tunda yawan ƙarar da batirin litiyam har ƙasa yana rage masa kwana. Daga nan ka sake fitar da rahoton nan ka ga ko abin da yake ɗauka ya yi kusa da abin da aka rubuta a jikinsa, idan ya gaza sosai ka mayar da shi tun garantinsa bai ƙare ba. Kuma idan yawancin aikinka a kan tebur ne da caja a jiki, ka nemi saitin taƙaita caji a manhajar kamfanin ko a BIOS, wanda a samfura da yawa yake tsayar da cajin a kashi 80 cikin ɗari ko ƙasa da haka, ka kuma daina ɗora kwamfutar a kan katifa ko bargo inda ƙofofin iskarta suke toshewa.